Motar kayan da ta koma motar makaranta: labarin Blue Bird ta farko

In ka shiga gidan tarihi na Henry Ford da ke garin Dearborn a jihar Mishigan ta Amurka, a cikin motocin shugabannin ƙasa da manyan injinan jirgin ƙasa za ka tarar da wata 'yar tsohuwar mota da ido zai iya tsallakewa. Gabanta na tsohuwar Ford ne, bayanta kuma akwati ne mai tsawo, da bencina a ciki, da tamfol da ake naɗewa a gefe a maimakon gilashi. An haɗa ta a 1927, kuma gidan tarihin na ɗaukar ta a matsayin motar makaranta mafi tsufa da ta rage a Amurka. Sunanta Blue Bird No. 1.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne, asalinta ba don yara aka ƙera ta ba. Shasinta, wato ƙashin ƙarfen da inji da tayoyi ke zaune a kai, na ƙaramar motar kaya ne, irin wadda manomi zai loda wa buhunan auduga. In kana son kwatance, ɗauke ta a matsayin kakar a-kori-kura. To yaya aka yi motar kaya ta koma ɗaukar 'yan makaranta, kuma me ya sa sai da aka shafe shekara hamsin kafin a gama mayar da ita abin da ya dace da ɗaukar ɗan mutum?

Sai mun fara da makarantar kafin motar. A farkon ƙarni na 20, yawancin yaran karkarar Amurka a makarantar ɗaki ɗaya suke karatu. Malami ɗaya, sau da yawa mace matashiya, ita ce ke koyar da ɗan shekara shida da ɗan shekara goma sha huɗu a ɗaki guda. Irin waɗannan makarantu sun kai wajen dubu 200 a lokacin. Dalilin yawansu ba wani abu ba ne illa ƙafa: dole makaranta ta kasance inda yaro zai iya takawa ya je ya dawo. Masana ilimi na zamanin sun so a rufe ƙananan, a tara yaran a babbar makaranta guda mai ajujuwa daban-daban, da ɗakin gwaje-gwaje, da malamin kowane fanni. Shawarar ta yi kyau a takarda. Amma in ka rufe makarantar da ke bayan gonarku ka buɗe wata a nisan kilomita goma sha biyar, wa zai kai yaron?

Jihar Massachusetts ce ta fara ba da amsa a 1869, da dokar da ta yarda a kashe kuɗin gwamnati wajen jigilar ɗalibai. Zuwa 1919 duk jihohi 48 na lokacin sun yi irin wannan doka. Abin hawan farko keken doki ne. Kamfanoni irin su Wayne Works na garin Richmond a jihar Indiyana sun riƙa ƙera shi tun kafin ƙarni na 19 ya ƙare, da benci biyu a jikin bango, yara na fuskantar juna, ƙofa kuma a baya. An sa ƙofar a baya ne don kada hayaniyar yara wajen hawa da sauka ta firgita dawakin. Ka riƙe wannan, domin ƙofar bayan da ake fita ta cikinta lokacin haɗari a motocin makarantar Amurka na yau, daga nan ta samo asali.

Shasi kawai, sauran ya rage naka

A 1908 Henry Ford ya fito da Model T, motar da ta sauko da farashi har manomi ya iya saye. Ba a daɗe ba mutane suka fara yanke bayanta suna ɗora mata akwatin kaya. Da kamfanin ya ga haka, a 1917 sai ya fito da 'yar'uwarta ta aiki, Model TT, mai ɗaukar tan ɗaya. Injin ɗaya ne da na ƙaramar: silinda huɗu, lita 2.9, ƙarfin doki 20. An dai ƙara wa shasin kauri da tsawo, tazarar tayoyin gaba da na baya ta tashi daga wajen mita biyu da rabi zuwa fiye da mita uku. An kuma sauya giyar da ke tsakanin tayoyin baya. A ƙaramar motar, sandar da ke kawo ƙarfi daga inji tana juyawa sau uku da ɗan wani abu kafin taya ta zagaya sau ɗaya. A TT sai ta juya sau bakwai da kwata. Ka ga an sayi ƙarfin ja da kuɗin gudu ke nan. Motar za ta ja kaya a laka, amma in ta wuce kilomita 25 zuwa 30 a awa, injin ya fara kuka.

Tuƙa ta ma wani karatu ne. Feda uku ne a ƙasa, amma babu totur a cikinsu, totur ɗin wani ɗan hannu ne a jikin sitiyari. Fedar hagu ta giya ce, ta tsakiya ta komawa baya, ta dama birki, shi kuma birkin cikin akwatin giya yake kamawa, ba a jikin taya ba. Babu famfon mai. Fetur gangarowa yake yi da kansa daga tanki zuwa inji. Shi ya sa in tankin ya yi ƙasa aka zo tudu mai tsayi, direbobi kan juya su hau da baya. Yanzu ka ƙiyasta wannan da yara cike a bayanta.

Ga abin da ya fi muhimmanci ga labarinmu. A shekarun farko Ford ba ya sayar da TT da bodi. Dala 600 za ka biya a 1917 a ba ka shasi da inji da tayoyi, sauran ya rage naka. Sai a 1924 kamfanin ya fara ba da bodinsa. Saboda haka kowane gari da kafintansa ko maƙerinsa da ke ɗora wa shasin abin da mai shi ke so: akwatin kaya, ko rumfar sayar da madara, ko bencinan 'yan makaranta. Wanda ya taso ya ga manyan motoci masu bodin katako a hanyoyinmu ya san wannan tsari sarai, shasi daga waje, bodi daga hannun kafintan gida. Haka motar makaranta ta fara a Amurka. Da yawa ma tsohon keken dokin aka ciro daga tayoyinsa aka ɗora a kan shasin. Wani manomin da hukumar makaranta ta ba kwangila, da safe ya kai yara, da rana ya cire bencin ya yi dakon amfanin gona.

Bodin da ya warwatse kafin a gama biyan kuɗinsa

Albert Luce dillalin motocin Ford ne a garuruwan Fort Valley da Perry, a tsakiyar jihar Jojiya. A 1925 wani abokin cinikinsa ya nemi motar da za ta riƙa kwasar ma'aikata. Luce ya yi abin da kowa ke yi, ya sayo bodin katako ya ɗora a kan shasin Ford ya sayar masa. Hanyoyin karkarar Jojiya a lokacin jar ƙasa ce, rani ƙura da gargada, damina taɓo. Bodin ya fara sassautawa yana ƙara, har ya kama hanyar warwatsewa tun mai motar bai gama biyan kuɗin ba.

Bari mu ɗan tsaya a nan, don a nan kimiyyar take. Me ya sa bodin katako ke mutuwa da wuri a kan irin wannan shasi?

Injiniyoyin Ford sun san motarsu a mugunyar hanya za ta yi rayuwa, sai suka ƙera shasin yadda zai iya ɗan murɗewa. In tayar gaba ta dama ta hau dutse, ta baya ta hagu ta faɗa rami, shasin ya karkace kaɗan sannan ya dawo daidai, kamar yadda za ka murɗa tsani ka sake shi. Wannan dabara ce mai kyau ga shasin. Amma akwatin da aka ɗaure a kansa shi ma dole ya bi wannan murɗawa, kuma duk wahalar a mahaɗai take taruwa, inda katako ya haɗu da katako, inda ƙusa ko noti ya ratsa. Ƙarfe ya fi katako tauri nesa ba kusa ba. Duk lokacin da motar ta girgiza, ƙusar tana danne zaren katakon da ke kewaye da ita, zaren ya murƙushe, kuma ba ya komawa yadda yake. Ramin ya ƙara faɗi da ɗan abin da ido ba ya gani. Da ramin ya faɗaɗa, ƙusar ta sami wurin motsi, bugun da za ta yi na gaba ya fi na baya ƙarfi. Lalacewar da kanta take ciyar da kanta.

Sai kuma ruwa. Katako na shan danshin iska ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake yin haka, ta tsawonsa kusan ba ya motsi. Duk wanda ƙofar ɗakinsa ta ƙi rufuwa da damina sannan ta yi sako-sako da hunturu ya ga wannan da idonsa. A jiha mai zafi da danshi irin Jojiya, kowace shekara mahaɗan bodin na shan wannan kumburi da tsukewa a kan girgizar hanya.

Luce ba injiniya ba ne, amma ya gano inda ciwon yake. Ya sa aka haɗa masa firam na ƙarfe, da ƙarfen kwana da makamantansa, aka mayar da shi ƙashin bodin, sannan aka lulluɓe shi da katako da fallen ƙarfe da tamfol. Yanzu nauyi da murɗawa ƙarfe ne ke ɗauka, shi kuma ƙarfe in bai wuce iyakarsa ba yana lanƙwasa ya dawo, mahaɗansa ba sa cinyewa kamar na katako. Katakon ya koma sutura kawai. A 1927 ya gama, ya sayar wa wani mutum mai suna Frank Slade na garin Marshallville, wanda ya sa ta jigilar 'yan makaranta. A wannan shekarar ce kuma Ford ya daina ƙera Model T bayan ya fitar da fiye da miliyan 15. Motar makarantar ta zo ne a kan shasin da zamaninsa ke ƙarewa.

Da tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929, cinikin motoci ya tsaya cak. Luce ya bar dillanci, a 1932 ya koma ƙera bodin bas gaba ɗaya. Ana ba da labarin cewa ya ƙi sa wa kamfanin sunansa ne saboda a Turanci sunan Luce na kama da kalmar da ke nufin abu mai sako-sako, kuma mutumin da bas ɗinsa ta farko ta warwatse ba zai so a riƙa yi masa wannan ba'a ba. Sai aka zaɓi Blue Bird, wato shuɗin tsuntsu. Zuwa 1937 kamfanin ya daina sa katako, bodin ya zama ƙarfe zalla. Har yau ana ƙera bas ɗin Blue Bird a Fort Valley.

Kwana bakwai a New York

Gyaran Luce na mutum ɗaya ne, sauran ƙasar kuwa kowa da kiɗansa. Wani malamin jami'a mai suna Frank Cyr, ɗan karkarar jihar Nebraska da ke koyarwa a Kwalejin Malamai ta Jami'ar Columbia, ya zagaya a shekarun 1930 yana duba yadda ake kai yara makaranta. Ya tarar da motocin kaya iri-iri, wasu sun tsufa tukuf, a wani wuri a jihar Kansas ma keken dakon alkama ne. Launi kuwa sai wanda hukuma ta ga dama. Akwai wadda ta shafa ja da fari da shuɗi, launin tutar ƙasar, wai don a cusa wa yara kishin ƙasa. Su kansu masu ƙerawa abin ya dame su, tun da kowace hukuma da nata awon, babu halin a yi da yawa iri ɗaya farashi ya sauko.

Ana cikin haka, ranar 1 ga Disamba 1938, jirgin ƙasa na kaya ya yi karo da motar makaranta a kusa da garin Sandy na jihar Yuta, ana tsakiyar zubar dusar ƙanƙara. Direban da ɗalibai fiye da ashirin suka rasu. Bayan wannan ne ƙa'idar nan ta yaɗu, cewa direban motar makaranta in ya zo layin dogo ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya saurara, kafin ya tsallaka.

A Afrilun 1939 Cyr ya tara wakilan jihohi 48 a New York, tare da injiniyoyin kamfanonin mota irin su Ford da Chevrolet da Dodge da International Harvester, da masu bodi irin su Blue Bird, da masu fenti irin su DuPont. Kwana bakwai suka yi, suka fito da ƙa'idoji 44: tsawon bodi, tsayin rufi, faɗin hanyar tsakiya, da sauransu. Wadda kowa ya fi tunawa ita ce ta launi, rawaya mai ɗan ja-ja. Dalilinsu na aiki ne: baƙin rubutu ya fi fitowa a kanta da asuba da kuma yamma lis, lokutan da motar ke kan hanya. Akwai kuma bayani daga yadda ido yake. Cikin ƙwayoyin gane launi iri uku da ke idonka, rawaya tana tayar da biyu a lokaci guda, masu karɓar ja da masu karɓar kore, shi ya sa take da haske ko da ta gefen ido ka hango ta. Wani abin takaici, sinadarin da ke ba fentin wannan launi a lokacin yana ɗauke da dalma, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Daga baya an sauya sinadarin, launin ya zauna.

Wa ke hawa, wa ke takawa

Duk wannan bayani na ƙarfe da fenti zai iya sa ka manta da tambayar da ta fi su nauyi. A 1927, a Jojiya da sauran jihohin kudancin Amurka, doka ce ta raba makarantun farar fata da na baƙar fata. Kuɗin jigila kusan gaba ɗaya makarantun farare suke tafiya. Yaran baƙaƙe da yawa sun taso suna tafiya a gefen hanya, bas ɗin da ake saye da kuɗin jama'a ta wuce su ta bule su da ƙura.

A ƙaramar hukumar Clarendon ta jihar Karolina ta Kudu, maƙwabciyar Jojiya, a ƙarshen shekarun 1940 yaran farare na da bas 30, yaran baƙaƙe ba su da ko ɗaya, alhali su ne suka fi yawa. Wasu na taka kusan kilomita 14 zuwa makaranta. Iyaye suka yi karo-karo suka sayi wata tsohuwar bas, kullum tana wajen gyara. Suka roƙi hukumar makarantu ta taimaka ko da da kuɗin mai ne, aka hana su. Wani limamin coci kuma malamin makaranta, Joseph DeLaine, ya shawo kan wani manomi mai suna Levi Pearson ya kai ƙara. A 1948 kotu ta yi watsi da ƙarar a kan wani dalili na iyakar gunduma, wai gonarsa ba a gundumar makarantar yaransa yake biya mata haraji ba. Masu shaguna da masu ba da bashi suka rufe masa ƙofa, ya rasa taki da kayan noma.

Mutanen ba su haƙura ba. Lauya Thurgood Marshall ya faɗaɗa maganar daga bas zuwa rabon makarantun kansa. Alƙaluman da aka gabatar sun nuna ana kashe dala 179 a kan kowane yaro fari a shekara, dala 43 a kan baƙi. Sunan Harry Briggs, ma'aikacin gidan mai, shi ne na farko a takardar, kuma an kore shi daga aiki saboda haka. Shi ma DeLaine an ƙone masa gida, daga baya ya gudu ya bar jihar. Wannan ƙara, Briggs da Elliott, tana cikin guda biyar da Kotun Ƙoli ta haɗa a shari'ar Brown, wadda ranar 17 ga Mayu 1954 ta yanke cewa raba makarantu bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. A ganina duk wanda zai ba da tarihin motar makaranta ya tsallake Clarendon, rabin labarin ya bayar. Ɗaya daga cikin manyan shari'o'in ƙasar daga roƙon kuɗin man tsohuwar bas ta taso.

Ta ɓangaren aminci ma tafiyar ba ta yi sauri ba. Ƙa'idojin 1939 shawara ce ga jihohi, ba dokar tarayya ba. Binciken haɗurra a shekarun 1960 ya nuna cewa ko bodin ƙarfen ma a mahaɗai yake yagewa, fallen ya buɗe ya zama wuƙa, ƙarfen bayan kujera kuma ya fasa wa yara baki da haƙora. Sai ranar 1 ga Afrilu 1977 dokokin tarayya suka fara aiki. Suka ce rufin ya iya ɗaukar nauyin da ya kai ɗaya da rabi na motar ba tare da ya rufta ba. Kujeru su zama masu dogon baya, da soso, a jere kusa da juna, yadda in an yi karo yaro zai faɗa kan abu mai laushi. Kowace mahaɗa kuma ƙarfinta ya kai aƙalla kashi 60 cikin ɗari na fallen da ta haɗa. Ka lura, ciwon da Luce ya gano a jar ƙasar Jojiya ne aka rubuta a doka bayan shekara hamsin cif. (Direbobin ma sai daga baya aka waiwaye su: a Karolina ta Arewa da ta Kudu, ɗaliban sakandare 'yan ƙasa da shekara 18 sun ci gaba da tuƙa bas ɗin makaranta har zuwa 1988.)

Yau bas masu rawaya kusan dubu 480 ne ke ɗaukar yara wajen miliyan 25 kowace ranar makaranta a Amurka, kuma mafi yawansu har yanzu tsarin nan ne na bodi a kan shasin motar kaya. Ita kuwa ta farkon, bayan ta gama aikinta ta koma hannun iyalan Luce, aka gyara ta aka adana. A 2008 suka ba da ita kyauta ga gidan tarihin da ke Dearborn, garin da Henry Ford ya fito.